Agogo Ba Ya Ƙarya, Amma Wa Ya Sayi Takalmin?

Ana gobe tsere, da la'asar sakaliya, na raka ɗan ƙanwata wurin mai gyaran takalmi da ke zama gindin mangwaro a bakin layinmu na unguwar Banikanni a Parakou. Daga Djougou yaron ya zo, da 'yar jaka ɗaya da kambas na gwanjo wanda ƙafar hagu ta fara buɗe baki. Mai gyara ya juya takalmin, ya danna tafin da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a cikin burodi. Ya ce, "Alhaji, ɗinki kam zan yi, amma takalmin nan ransa ya daɗe da fita." Ya huda da basilla, ya ja zare, ya shafa gam, ya danne da dutse, ya ce mu dawo bayan magariba. Dala 60 ta sefa na biya. Da wannan takalmi yaron ya shiga sahu da sassafe, cikin sanyi da hazo, tsakiyar jama'a.

Tseren da nake nufi shi ne gudun fanfalaki na Parakou, wanda limaman Katolika na ƙungiyar Saint François de Sales suka soma a 2008, Fada Guillaume Kambounon na kan gaba. Cikin watan Fabrairu ake yin sa. Akwai na kilomita 42, akwai rabinsa, akwai gajeru irin na kilomita 10 da yarona ya shiga. Ba ni da suka a kansa ko kaɗan. Rana ce da gari ke tashi da wuri, Musulmi da Kirista, 'yan makaranta da 'yan fansho, wasu don gudu wasu don ihu a bakin hanya. Abin da ya tsaya mini a rai magana ce da ta biyo baya da dare, a teburin mai shayi.

Wani abokina malamin motsa jiki, wanda ya yi karatunsa a Porto-Novo, shi ya kawo ta. Ya ce gudun kwalta 'yan Kenya da Habasha sun riga sun raba gadonsa, mu kallo ne namu. Ƙasar Benin ba ta taɓa cin lambar Olamfik ko ɗaya ba, kuma tagullar da Noélie Yarigo, 'yar Natitingou, ta ciwo a gudun mita 800 a gasar duniya ta rufaffen fili a Glasgow cikin 2024, har yau da ita ake tinƙaho. Don haka, in ji shi, mu nemi wasan da ba cunkoso, wato tseren taswira. Da na tambaye shi yadda za a zaɓi waɗanda za su ɗauki tutar ƙasa, bai ko yi jim ba. Ya ce a ɗauki goma na farko a gudun kilomita 10 na yau, a koya musu karatun taswira cikin mako biyu, shi ke nan. "Agogo ba ya ƙarya, Alhaji. Ba shi da ƙabila, ba shi da ƙane."

Na san abin da ya sa maganar ke da daɗi a kunne. Duk wanda ya taɓa ganin an fitar da jerin sunaye, ya tarar da ɗan wane a ciki alhali wanda ya yi gumi yana waje, zai so alƙalin da ba a kai masa goro. Amma ni ɗan kasuwa ne, in aka ce mini abu ya yi araha, tambayata ta farko ita ce wa ya biya ragowar.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in ɗan zayyana. A tsakanin sojojin Sweden ya samo asali a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a Norway aka fara yin sa a bainar jama'a cikin 1897. An kafa hukumarsa ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finland cikin 1966. Ba a shata wa mai gudu hanya. Sai lokacin tashi ya yi za a miƙa masa taswira wadda aka zana wasu da'irori a kanta, kowace da'ira na nuna inda aka kafa 'yar tuta mai ruwan lemo da fari. Da kamfas a hannu zai neme su bi da bi, shi ke zaɓar ko ya haura tudu ko ya zaga, ko ya kutsa sarƙaƙiya ko ya bi bakin rafi. Ɗai-ɗai ake sakin mutane, da tazarar mintuna, don kada wani ya bi sawun wani. Kilomitar da gwani ke cinyewa cikin minti 3 bisa kwalta, a dajin Finland takan ci masa 5 ko 6, idonsa ɗaya a takarda ɗaya a ƙasa. In ya kuskure kwari ɗaya, minti 3 sun tafi, kuma babu ƙarfin cinyar da zai dawo da su. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana.

To, mu fara da takalmi, tunda da shi na fara. A 2017 kamfanin Nike ya fito da wani takalmi mai suna Vaporfly, mai kauri, da wani siririn faranti mai tauri a cikin tafinsa. Binciken da aka yi a jami'ar Colorado ya nuna yana rage wa mai gudu kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da yake kashewa. Abin ya kai har hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka a Janairun 2020 cewa tafin takalmin gudun hanya kada ya wuce milimita 40. Ga mai cinye kilomita 10 cikin minti 32, irin wannan takalmi na iya ba shi daƙiƙa 30 ko 40 kyauta, kuma a gudun irin wannan, tazarar na biyar da na goma sha biyar sau da yawa ba ta wuce haka. Kuɗinsa kuwa wajen yuro 250, wato sefa 160,000 da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne. Albashin wata uku ke nan a ƙafa, ba ci ba sha. Na san za a ce mini Abebe Bikila ba takalmi ya ci gudun Roma a 1960. Gaskiya ne, amma waɗanda ya tsere wa a ranar ba faranti ne a ƙafarsu ba. Ko takalmin da ba na alfarma ba, masana kan ce bayan kilomita 500 zuwa 800 taushinsa ya ƙare. Mai atisaye da gaske yana cinye wannan cikin wata biyu ko uku. Na gwanjo kuwa wani Bature ya riga ya cinye masa rai kafin ya iso kasuwarmu cikin dila, shi ya sa yatsan mai gyara ya nutse.

Agogo ya ga yarona ya iso bayan wani da daƙiƙa 40, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai gani ba shi ne zaren da basilla.

Sai hanya. Djougou zuwa Parakou kilomita 130 ne da 'yan kai. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, man kwalba da ake sayarwa a bakin titi ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, 'yan zem, wato 'yan acaɓa, ma suka ƙara. Yarona ya yi sa'a yana da kawu a Banikanni, ya sami tabarma da tuwo. Wanda ya taso daga Kandi ko Tanguiéta bai san kowa ba fa? Ko ya kwana a tasha, ko ya biya ɗaki. Ya bar shago ko gona kwana uku, kuma in yaron kanikanci ne sai ya roƙi maigidansa, wani ya bari wani ya hana. Wannan na tsere ɗaya ne. In aka ce kamar yadda aka saba, zagaye na biyu a Kwatano, an ƙara kilomita 400 da wani abu zuwa, haka nan dawowa. A lissafin abokina duk wannan ba ya ciki, don ba daga aljihun masu zaɓe yake fita ba. Su abin da za su kashe usur ne da biro.

Akwai kuma kuɗin da jiki ke biya. Kwalta ba ta da tausayi ga ƙwauri da gwiwa, balle ga wanda takalminsa ya mutu. Wanda zai yi atisaye a kanta a nan dole ya raba hanya da manyan motocin auduga da 'yan zem, ga hayaƙi ga ƙurar hunturu. Kuma a 'yan shekarun nan azumi ya matso cikin Fabrairu, tunda yana ja da baya kwana 10 ko 11 kowace shekara. In rana ɗaya tak aka ɗora wa alhakin zaɓe, kuma ta faɗo cikin Ramadan, to an rage yaran unguwar Zango da na Djougou da dama ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Har ma a cikin gudun kwalta kansa, masu abin ba su yarda agogo shi kaɗai ya isa ba. Kafin su amince da bajinta sai an auna hanyar da keke na musamman, sai gangarenta bai wuce mita 1 a kowace kilomita ba, sai kuma tazarar mafari da maƙari ba ta wuce rabin tsawon tseren ba, don kada iska ta yi ta tura mutum daga baya. Geoffrey Mutai ya cinye gudun Boston a 2011 cikin awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2, babu wanda ya taɓa yin haka a lokacin, amma aka ƙi rubuta masa bajintar duniya saboda yanayin hanyar. Agogonsu lafiyarsa lau. Ƙasar da aka taka ce suka tuhuma. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun san wannan: gudun Okpekpe na kilomita 10 a jihar Edo da tseren hawan dutsen Obudu da aka soma a 2005 duk gudu ne, amma ba jiki ɗaya suke nema ba. Kuma ba banza ba yawancin 'yan Najeriya masu dogon gudu daga tsaunukan Filato suke fitowa, wajen Pankshin.

Babbar asarar dai ita ce mutanen da wannan rariya za ta zubar. Garuruwan nan namu a kan hanyar fatake suka girma. Ayarin goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja ta Borgu yake ratsawa, ya yada zango a Nikki da Parakou da Djougou kafin ya nufi Salaga. Madugu ke riƙe da ayari, amma a gaba akwai jagaba, wanda ya san inda rafi ke ƙetaruwa da inda 'yan fashi ke kwanto. (Sarautar nan ta Jagaban Borgu da ake yi wa Tinubu kirari da ita, daga nan kalmar take. Jagaban da ya tsadar mana da mai, Allah Ya kyauta.) Ban taɓa jin an ce madugu ya tara samari ya sa su tsere, wanda ya riga isowa ya ba shi gaban ayari ba. Irin wannan ido har yau yana nan. Yana wurin yaron Fulani da ke bin shanu, ya dubi kaɗanya ɗaya ya san saura nawa ya kai mashaya. Yana wurin samarin da ke cika motoci su tafi farauta da rani, da 'yan matan da ke ratso gonakin doya da cukun wagashi a ka, ba su taɓa taka kunyar kowa ba. Cikinsu babu mai zuwa gudun kilomita 10, don ba su da kambas, wasu ma ba su ji labarinsa ba. Ban ce kowane makiyayi zai iya karanta taswira ba; sanin daji da ka da fassara zane a takarda abu biyu ne, sai an koya. Amma in za a koyar, wanne ya fi sauƙi: a koya wa mai ido alamomi, ko a koya wa mai sauri ido cikin mako biyu? Thierry Gueorgiou na Faransa, mai zinare 14 a gasar duniya, tun yana ƙaramin yaro yake riƙe taswira. Simone Niggli ta Suwizalan mai 23 ita ma tun tana yarinya ta fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na kawo nan sai abokina ya yi murmushi, ya ce, "To Alhaji, ka ci. A kai su daji a gwada su. Kawo kuɗin." Nan na gane ramin da na gina wa wani ni ma yana jirana, don filin adalci shi ma ba kyauta ba ne, ya ma fi tsada.

Taswirar wannan wasa ba irin ta bangon aji ba ce. Ta daji akan zana ta a ma'aunin 1:10,000 ko 1:15,000, kowane dutse da ya kai ƙugu da kowane rami sai an sa. Fari na nufin itatuwan da ake iya gudu a cikinsu, kore sarƙaƙiya, rawaya fili, ruwan ƙasa kuma layukan tudu da kwari. Mai zana ta da ƙafa yake bin ƙasa, murabba'in kilomita ɗaya kan ci masa kwanaki. Sai an ɗauko gwani, a biya jirgi, a biya masauki. Sa'an nan ga abin da Turawan arewa ba su fama da shi kamar mu: dajinmu fuska biyu gare shi. Wurin da za ka zana rawaya a Fabrairu bayan an yi ƙuna, a Satumba gamba ta fi ka tsawo. Saurar bara gonar doya ce bana, badi kuma an dasa yazawa. Taswirar da aka kashe wa dukiya sai ta tsufa kafin ta ga damina biyu.

Ga tutoci da na'urorin da mai gudu ke taɓawa don shaida ya iso, irin su SportIdent, duk da yuro ake sayen su. Kuma wanda ya san yaran ƙauyenmu da awakinsu ya san kowace tuta sai an aje mata mai gadi, mai gadin kuwa da zarar ya tsaya ya zama alama, an hango shi daga nesa. Ga goron mai unguwa, ga na masu gona, ga na wanda zai ce kurmin can ba a shiga.

Sai batun haramta fili. A ƙa'idar wasan, inda za a yi babbar gasa akan rufe shi tun da daɗewa, duk ɗan wasan da ya shiga ya fita daga takara, don kada wani ya san wurin fiye da wani. A Turai sanarwa ce kawai a intanet. A nan, ta yaya za ka haramta wa yaro gonar ubansa? In aka yi gwajin a duwatsun Taneka da ke arewa da Djougou, yarona da abokansa sun ci tun ba a fara ba. In aka kai shi tsaunukan Atacora, na Natitingou ne za su yi dariya. Baƙo ko da ido makaho ne. Wurin da babu mai shi kuwa, irin gandun Pendjari da na W, yanzu ba wurin wasa ba ne: tun sace 'yan yawon buɗe ido biyu 'yan Faransa da kashe ɗan rakiyarsu a 2019 abin ke ta ƙaruwa, kuma a 2025 an kashe sojoji da dama a can arewa. Ni dai ba zan ba ɗan ƙanwata taswira da kamfas in ce ya ratsa daji a guje a wannan yanki ba, ko don kada a tambaye shi wa ya aiko shi.

Abokina yana da sauran harsashi ɗaya, kuma mai kyau ne. Tun 2001 aka shigar da gajeren tsere cikin gasar duniya, wanda gwani ke gamawa cikin minti 12 zuwa 15, yanzu kuma a cikin gari ake yin sa, tsakanin gidaje da lambuna. An ma raba gasar biyu: shekara ɗaya daji, shekara ɗaya gari, kamar yadda aka yi a Edinburgh cikin 2024. A irin wannan, saurin kwalta na da daraja ƙwarai, shi ya sa ƙasashe da dama a Turai ke gwada 'yan wasansu da gudun mita 3,000 ko 5,000. Amma gwaji ɗaya ne cikin gwaje-gwaje, kuma kan mutanen da suka riga suka iya taswira ake yin sa. Taswirar gari ta fi araha, na yarda. Sai dai ka zana lungunan Banikanni ko na Zango, ka saki ɗan unguwa da ɗan Kwatano. Ɗan unguwa ba zai ko buɗe takardar ba. Ya san gidan da ke da ƙofa biyu, ya san kwatar da ake tsallakewa da wadda in ka taka sai wanka.

A ce duk an tsallake wannan, an sami mutum shida. Kuɗin neman bizar Turai kaɗai yuro 90 ne tun Yunin 2024, kusan sefa 59,000, ya haura albashin wata, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ba a zo maganar jirgi ba, ba a zo ta kwanakin da za su yi can suna sabawa da irin dajin da ba su taɓa gani ba, mai gansakuka da fadama da duwatsu masu santsi.

Abin da na ce wa abokina a daren shi ne, in za a yi da gudun kwalta a yi, amma a kira shi da sunansa. A ce mun zaɓi wannan hanya don ita muke iya biya. Kada a ce ita ce adalci, don wanda aka kayar da sunan adalci ba shi da bakin kuka, sai ya koma gida yana zargin ƙafarsa. Kuma in akwai 'yan kuɗi, ni da za a ji tawa, ba tutar ƙasa zan fara nema ba. Zan biya a zana taswira biyu ko uku ƙanana, harabar jami'ar Parakou, wata makaranta a Djougou, wata a Natitingou, a bar yara su yi ta ɓata suna gano kansu shekara uku. Ranar gwaji kuma ɗan Parakou ya je Djougou, ɗan Djougou ya zo Parakou, masu zaɓe su biya mota da tuwo. Lokacin gudun kwalta ya zama ƙofa kawai, mai faɗi, wadda in ka wuce ta ba a sake tambayarka daƙiƙa nawa. Ya ce, "Wannan ma ai kuɗi ne." Na ce ƙwarai, bambancin dai daga aljihun da zai fita.

Bai yarda ba, ni ma ban sa ran zai yarda ba. Ya ciro takardar da ya rubuta sunaye goma, ya gyara mata ninki, ya mayar aljihu. Sunan yarona ba ya ciki.

Washegari na kai shi tashar Djougou. Yana ɗingishi kaɗan, ƙwaurin hagu ya kumbura, ɗinkin mai gyara ya riƙe amma gam ɗin ya saki tun kilomita ta bakwai. Ya cire kambas ɗin ya ɗaure da igiyarsu ya rataya a wuya, ya sa silifa. Muna jiran mota ta cika sai ya ce, "Kawu, jiya da an bar ni na yanke ta bayan makarantar nan, na bi ta gonar yazawa, da na riga su duka." Na ce ai da an kore ka. Ya ce, "A wancan wasan da malam ke faɗa fa?" Kafin in ba shi amsa kwandasta ya buga motar, ya ce saura mutum ɗaya, kuma kuɗin jaka daban ne.